An cire ni daga tawaga saboda K/D ɗina 0.8: wace lamba ce ke nuna gwani a wasan harbi?

Auwalu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan ko zan samu mai warware mini.

Wata biyar ke nan muna buga wasan bidiyo na harbi da riƙe wuri mu biyar, irin wanda ake ba tawaga maki ɗaya duk daƙiƙar da ta yi a kan wurin. Kwatsam shugaban tawagarmu ya turo mini saƙo cewa an samu wanda zai maye gurbina. Hujjarsa ɗaya ce tak: K/D ɗina, wato yawan kisan da na yi a raba da yawan mutuwata, 0.8 ne, na sabon yaron 1.9. Ban musa ba, lambar haka take. Amma ni ne nake fara faɗawa kan wurin duk lokacin da ya sauya, ni nake shan harsashin farko kafin sauran su ƙaraso. A wasa 30 da muka buga na ƙarshe mun ci 21.

Ba roƙon a mayar da ni nake ba. So nake in sani, tsakani da Allah, wannan lambar ita ce ma'aunin iya wasa, ko akwai abin da ya fi ta?

Sarkin Baka:
Wa alaikumus salam. Auwalu, zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Sunan abin wasan harbi. Duk sanda ka faɗi, 'yan'uwanka su huɗu suke fuskantar mutum biyar har ka dawo. Idan kana kashe takwas ana kashe ka goma, to abin da kake bayarwa ya fi abin da kake karɓowa. Cin wasa 21 kuma ba hujja ba ce a kanka kai kaɗai, ta yiwu sauran huɗun ne ke ɗauke da nauyinka.

Gambo:
Sarkin Baka ka yi tsauri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Shi ya buɗe ƙofa, wasu suka kwashi kisan.

Malam Habu:
Ku bar ni in ɗan ja maganar baya, don na daɗe a harkar nan fiye da yawancinku.

Ƙirga kisa ba daga sama ya faɗo ba. A zamanin Doom na 1993 da Quake na 1996, wasan da aka fi bugawa shi ne kowa ya harbi kowa, wanda ya fi yawan kisa shi ya ci. A can kisa shi ne makin kansa, babu wani abu bayansa. Da Counter-Strike ta zo a 1999, manufar wasa ta sauya: a dasa bam ko a kwance shi, a ci zagaye. Amma layin kisa da mutuwa ya zauna a kan allon maki inda yake, mu kuma idonmu ya saba da shi. Wasan ya canza, abin da muke kallo bai canza ba.

Ga misali da duk mai buga Counter-Strike ya sani. An dasa bam, saura kai kaɗai, abokan gaba su uku ne a wurin. Bam ɗin daƙiƙa 40 yake ɗauka kafin ya tashi, kwance shi kuma daƙiƙa 10 ne, ko 5 idan ka sayi kayan kwancewa. Sai ka ƙi zuwa, ka laɓe a hanya, da suka zo gudu ka harbe biyu. A allo an rubuta maka kisa biyu babu mutuwa. Zagayen kuwa an cinye ku. Wani lokaci hakan dabara ce, musamman idan AWP ce, bindigar harbin nesa ta dala 4750 a kuɗin wasa, a hannunka kana so ka tsira da ita zuwa zagaye na gaba. Amma akwai mutanen da kullum haka suke wasa, K/D ɗinsu na sheƙi, tawagarsu na shan kashi.

Shi ya sa masu bibiyar gasar ƙwararru ba su tsaya nan ba. Shafin HLTV ya fito da nasa ma'aunin a 2010, inda 1.00 ke nufin matsakaicin ɗan wasa. A 2017 suka sake shi, suka shigo da abubuwa biyu da nake so Auwalu ya riƙe. Na farko ADR, wato yawan lahanin da kake yi wa abokan gaba a kowane zagaye. Idan ka cire wa mutum 90 daga cikin 100 na ransa wani ya ƙarasa shi, K/D ba ta san da kai ba, ADR ta sani. Na biyu KAST: kashi nawa cikin ɗari na zagayen ka yi ɗaya daga abu huɗu, ko ka kashe, ko ka taimaka aka kashe, ko ka tsira da rai, ko kuma ka mutu amma abokinka ya rama maka nan take. Wannan na ƙarshen shi ne wurin da irin aikin Auwalu ke bayyana.

Sarkin Baka:
Malam, da girmanka, ADR ɗin ma ai harbi ne. Wanda bai iya saiti ba ba zai tara ta ba. Ka ga mun dawo kan maganata.

Malam Habu:
Ban ce saiti ba shi da amfani ba, ƙanina. Cewa na yi kisa ba duka ɗaya ba ne.

Hadiza:
Wannan maganar ta Malam har a cikin Valorant an rubuta ta da lamba. Makin faɗa da ake kira ACS ba ya ba kowane kisa daraja ɗaya. Idan abokan gaba biyar ɗin duk suna raye ka kashe na farko, maki 150 ne. Na biyu 130, sai 110, sai 90, na ƙarshe 70. Kowane ɗigon lahani maki ɗaya. Wato su kansu masu wasan sun yarda kisan farko ya ninka na ƙarshe har da ɗoriya, saboda shi ke karya tsarin ɗayan ɓangaren.

Amma ni ƙorafina yana nan duk da haka. Aikina a tawaga shi ne toshe hanya da hayaƙi. Idan na jefa hayaƙi a daidai daƙiƙar da ta dace, maharbin nesa na can ɓangaren bai ga komai ba, mutanena huɗu suka shige lafiya. Harbin da ba a yi ba wa zai ƙirga shi? Iyakaci a ba ni 25 na taimakon da babu lahani a ciki, shi ma sai an yi kisa a lokacin. Ƙarshen wasa sai ka gan ni ta huɗu ko ta biyar a allo, kuma an sha gaya mini a makirfo cewa ni ce nauyin tawaga. Abin yana da ciwo, Auwalu, na san abin da kake ji.

Nura:
Anti Hadiza, ba Overwatch ce ta gyara wannan ba? Na ji an ce can kowa na samun kisan da ya sa hannu a ciki.

Hadiza:
Haka ne, ko harsashi ɗaya ka sa wa mutum aka ƙarasa shi, za a rubuta maka. Sai dai ta zo da tata matsalar. Da ta fito a 2016 tana ba da lambobin zinare da azurfa da tagulla ga waɗanda suka fi yawan kisa ko lahani ko warkarwa a cikin tawaga. Sai ya zama da an fara shan kashi kowa na ihun yana da zinare uku, laifin na wasu ne. Alhali zinaren yana nufin ka fi abokanka ne kawai, ko da dukkanku ba ku taɓuka komai ba. Ana iya tara lahani mai yawa ta hanyar harbin mai sulken da ake ta warkar da shi, ba ka kashe kowa ba, sai ma cika wa mai warkarwarsu babban ƙarfinsa da kake yi. Da Overwatch 2 ta fito a 2022 an cire lambobin, aka kawo allon maki da kowa ke ganin na kowa.

Gambo:
Ku duk maganar kwamfuta kuke yi. Mu 'yan waya namu lissafin daban ne, kuma a ganina a nan ne abin ya fi fitowa fili, don da an taɓa tsarin maki sai ka ga wasan kansa ya sauya.

A gasar PUBG Mobile da can, wanda ya zo na ɗaya maki 15 yake samu, na biyu 12, na uku 10, na huɗu 8, na biyar 6, kowane kisa maki ɗaya. Daga baya aka koma 10, 6, 5, 4, 3. Ku lissafa da ni. Tawaga ta laɓe har ta cinye wasa da kisa biyu kacal. Wata ta yi faɗa ta kashe goma ta fita a ta biyar. A tsohon tsari ta farko tana da 17, ta biyu 16. A sabon tsari ta farko 12, ta biyu 13. Wasa ɗaya, harsashi ɗaya, amma zakara ya sauya saboda an sauya tebur. To wace ce ta fi iyawa? Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, yanzu tawagogi sun fi fita neman faɗa.

Free Fire kuma 12 take ba wanda ya yi Booyah, wato ya zo na ɗaya, 9 na biyu, 8 na uku, a haka har ƙasa. Tazarar ba ta da yawa, don haka kisa yana da nauyi sosai a can.

Sarkin Baka:
Ka ga ko. Da kansu suka rage wa laɓewa daraja suka ƙara wa kisa. Na gode Gambo.

Gambo:
Don 'yan kallo su ji daɗi suka yi, ba don sun gano gaskiyar da ta ɓuya ba. Dubi gasar Apex Legends: sai tawaga ta tara maki 50 a wasan ƙarshe, sannan kuma dole ta zo ta ɗaya a wani wasa bayan haka kafin a ba ta kofi. Ko kisa nawa ka tara, in ba ka iya zama na ƙarshe a fili ba, babu kofi.

Ɗan Lissafi:
Na karanta duka. Ina ganin ana haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Akwai lambar da ke kan allo bayan wasa, akwai kuma lambar da na'ura ke amfani da ita wajen yanke matsayinka da zaɓo maka abokan karawa. Ta biyun yawanci a ɓoye take.

Asalinta daga wasan ces ne, wato chess mai kama da dara. Arpad Elo, malamin kimiyyar fiziks a Amurka, shi ya tsara ta, hukumar ces ta duniya ta karɓe ta a 1970. Tsarin ba ruwansa da yadda ka yi wasa, abin da ya sani kawai wa ya ci, kuma wa aka zata zai ci. Idan ka fi abokin karawarka da maki 200, ana sa ran ka ci kusan kashi 76 cikin ɗari. A ce iyakar abin da ake iya samu a wasa ɗaya 32 ne. Ka ci, a ƙara maka kusan 8. Ya cinye ka, a cire maka kusan 24. In kuwa ku biyun daidai kuke, 16 ne ko sama ko ƙasa.

Matsalar ita ce ces mutum biyu ke bugawa. Idan mutum goma ne a fili, yaya za a raba nasara? Masu bincike na Microsoft suka fito da TrueSkill don Xbox Live wajajen 2005. Kowane ɗan wasa lamba biyu ake ajiye masa: ƙiyasin iyawarsa, da kuma yawan shakkar da na'ura ke yi a kan ƙiyasin. Sabon ɗan wasa shakkar tana da yawa, shi ya sa matsayinsa ke tsalle sosai a wasannin farko, daga baya ya lafa.

A irin wannan tsarin, Auwalu, wasa 21 cikin 30 ɗinka su ne magana, 0.8 ba ta shigo ba sam.

Amma adalci ya sa in faɗi abin da zai yi wa Sarkin Baka daɗi. A 2018 suka fitar da TrueSkill 2, suka ƙara masa yawan kisa da mutuwar kowane ɗan wasa, da fita daga wasa kafin a gama, da ko mutum shi kaɗai ya shigo ko da abokansa. Da suka gwada a wasannin Halo 5, tsohon tsarin ya canki wanda zai ci daidai a kashi 52, sabon ya canka a kashi 68. Ke nan kisa yana ɗauke da labari na gaske a kan iyawar mutum. Wanda ya ce K/D banza ce bai faɗi daidai ba.

Sarkin Baka:
Alhamdulillahi. Daga 52 zuwa 68 ba ƙaramar tazara ba ce.

Ɗan Lissafi:
Ba ƙarama ba ce. Sai dai ka lura, ƙara shi aka yi a kan sakamakon wasa tare da wasu abubuwa, ba a jefar da sakamakon aka riƙe kisa kaɗai ba. Shugaban su Auwalu kuwa kisa kaɗai ya riƙe.

Nura:
Ni tambayata daban ce. Shekara biyu ina wasa, na san hannuna ya faɗa fiye da da, amma K/D ɗina yana nan kusa da 1.0, ya ƙi motsi. Me ke kawo haka?

Ɗan Lissafi:
Duk kisa ɗaya mutuwar wani ce, Nura. Idan ka tara kisan kowa da kowa ka raba da mutuwar kowa da kowa, kusan 1 za ka samu. To idan na'ura tana haɗa ka da sa'anninka a iyawa, duk sanda ka ƙara ƙwarewa sai ta kawo maka waɗanda suka fi na jiya, lambar ta sake komawa wajen 1. Ci gabanka yana cikin irin mutanen da kake karawa da su yanzu.

Mutane da yawa ba sa son wannan tsarin, musamman a Call of Duty. A 2024 Activision, mai fitar da wasan, ta wallafa bayanin wani gwaji da ta yi, inda ta sassauta haɗa 'yan wasa bisa iyawa ga rabin masu wasa a Arewacin Amurka ba tare da sun sani ba. Abin da ta ce ta gani shi ne kusan kashi 90 sun rage dawowa wasan, manyan gwanaye na sama ne kawai abin ya yi wa daɗi.

Wannan ya kawo ni kan 1.9 ɗin sabon yaron. A ina ya tara ta? Da wa ya kara? Wasannin waya da dama suna cika wa sabon shiga fili da 'yan wasan bogi da kwamfuta ke sarrafawa. Kisa ashirin a kansu bai kai biyar a wasan matsayi ba.

Malam Habu:
Kuma da zarar an ɗora lada a kan lamba, mutane za su bi lambar su bar wasan. Call of Duty 4 ta 2007 ta kawo ladan jera kisa ba mutuwa: uku a ba ka jirgin leƙen asiri, biyar ruwan bama-bamai, bakwai jirgi mai saukar ungulu. Abin ya yi farin jini ƙwarai, amma ya koya wa mutane tsoron mutuwa. Tuta na can babu kowa, kowa ya maƙale a lungu yana jiran na bakwai. A Black Ops II ta 2012 an mayar da ladan kan maki, ta yadda kama tuta ma zai kai ka ga jirgin. Apex ma ta ɗanɗana a 2023, a kakarta ta 17, lokacin da tsarin matsayi ya fifita daɗewa a raye. Mutane suka riƙa hawa manyan matsayi ta hanyar ɓuya, har aka sake gyara tsarin.

Nura:
To me zai hana a ɓoye lambobin gaba ɗaya kowa ya huta?

Gambo:
An gwada. Battlefield 2042 ta fito a 2021 babu allon makin da aka saba da shi. 'Yan wasa suka yi ca, bayan 'yan watanni aka dawo da shi. Mutane na son ganin abin da suka yi. Kuma tsohon tsarin Battlefield yana cikin masu adalci, don ana ba ka maki idan ka farfaɗo da wanda ya faɗi, ko ka raba harsashi, ko ka gyara tanka. Likita yana iya zama na ɗaya a allo da kisa uku.

Auwalu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Malam ta ramuwa ce ta hana ni barci, sai na koma na kalli bidiyon wasanmu uku da na ajiye.

Abu biyu na gani. Na farko, a duka ukun ni ne na fi kowa daɗewa a kan wurin, a ɗaya ma na ninka wanda ke bi na. Wannan ya sanyaya mini rai. Na biyun kuma bai yi mini daɗi ba. A wasa ɗaya na mutu sau 15, sau 4 kawai aka rama mini. Sauran 11 ɗin na shiga ne abokaina suna nesa, na faɗi, wanda ya kashe ni ya sake cika bindigarsa hankali kwance kafin su iso. Ban taɓa lura da haka ba sai yau.

Sarkin Baka:
To ka ga abin da nake nufi, ɗan'uwa. Goma sha ɗayan nan kyauta ka bayar. Ba don in ci maka fuska na yi maganar farko ba, kuma na ji daɗi da ka je ka duba da idonka.

Hadiza:
Tsaya tukuna Sarkin Baka. Mutuwar da ba a rama ba laifin mutum biyu ce, wanda ya shiga da wuri da wanda ya ƙi bin bayansa. Auwalu, a cikin 11 ɗin nan, sau nawa ka yi magana a makirfo kafin ka shiga? Kuma su suna ina a lokacin, suna tahowa ne ko suna can suna farautar kisa a wani gefe?

Auwalu:
Na sake dubawa. Sau biyar na ce ga ni nan zan shiga, babu wanda ya taho, biyu daga cikinsu suna ɗaya ƙarshen taswirar. Sau shida kuwa ban ce komai ba, na faɗa kawai.

Sarkin Baka:
Shida naka, biyar nasu. Na karɓi wannan. Amma har yanzu ina nan kan cewa in da saitinka ya fi haka, ko cikin shidan da ka tafi da mutum ɗaya ko biyu kafin ka faɗi.

Malam Habu:
Auwalu, muna da gurbi ɗaya a tawagarmu daren Asabar. Ka zo mu buga wasa goma. Zan sa Nura ya bi ka a baya duk inda ka shiga, kai kuma kada ka taka wurin sai ka kira sunansa ya amsa. Ɗan Lissafi, ka rubuta mana abu huɗu a kowane wasa: daƙiƙun da ya yi a kan wuri, mutuwarsa, nawa aka rama, da ko mun ci.

Ɗan Lissafi:
Wasa goma sun yi kaɗan a yanke hukunci, Malam, sa'a za ta yi tasiri a ciki. Amma za su nuna mana ko ramuwar ta tashi daga 4 cikin 15. Ku turo mini bidiyon kowane wasa, ba hoton allon ƙarshe kawai ba.

Sarkin Baka:
A ƙara layi na biyar a rubuta kisansa. Ni ma zan zo in kalla.

Auwalu:
A rubuta. In sha Allahu ina nan tafe Asabar, Malam, ka turo mini lokacin da za a fara.